Zuwa ga Sarkin Maƙo na Birnin Dabo

Ɗan Dabo, ina gaisuwa. Ya iyali? Ya Hajiya, matarmu, baiwar Allah mai haƙurin da ya isa a raba wa unguwa guda har a yi ragowa? Ya kasuwa? A'a, bar wannan ta ƙarshen, na san amsar. Tun da nake ban taɓa jin Bakano ya ce kasuwa ta yi kyau ba. Ko tirela uku ya sauke ya sayar kafin azahar, ka tambaye shi sai ya langaɓe kai ya ce, "Wallahi sai a hankali."

Labari ya iso mana Zariya cewa ka kafa dokar ta-ɓaci a gidanka. Wai ka tara iyali a tsakar gida bayan sallar isha'i, ka gyara zaman hula, ka yi gyaran murya, ka sanar da su cewa daga yau an shiga tsimi. Tsimi? Kai? To da can me kake yi? Mu da muka san ka tun kana ɓoye kuɗin tara a cikin safa, ka zo ka tsuguna a gabanmu kana taya mu cin ƙosanmu. Idan abin da ka yi shekaru kana yi sunansa facaka, to Allah Ya ji ƙan iyalinka yanzu da ka ce za ka fara tsimi.

Ba wai ba ka da hujja ba ne, bawana. Kana da ita. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Aka saki naira ta je ta nemo darajarta da kanta a kasuwa, ta samo ta can ƙasa. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A daga naira sittin da 'yan kai zuwa 225 kowane yunit. A farkon 2025 aka yarje wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan kira da data. Mafi ƙarancin albashi kuwa 70,000 aka sa wa hannu a Yulin 2024. Gwamnatinku ta Kano ta yi ta maza ta ce 71,000, tamu ta Kaduna ta ce 72,000. Ka ga ko a nan ma ubangida ya ɗara bawansa da naira dubu. Kada ka ji haushi, haka Allah Ya tsara.

Saboda haka kowa ya ɗaure ciki, mu ma nan mun ɗaure. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne irin ɗaurin naka.

An karanto min dokokin ɗaya bayan ɗaya. Dunƙulen magi a raba shi biyu, rabi yau rabi gobe. Ashana a ƙirga. Guntun sabulu kada a yar, a manna shi a bayan sabo. Man goge baki kuwa da idona na gani a bakin famfon gidanka: an matse bututun, an naɗe shi tun daga gindi, an bi shi da bayan cokali, daga ƙarshe aka tsaga cikinsa da reza aka baje, yara na dangwalar abin da ya maƙale a lungu da buroshi. Wallahi ban ga laifinka a nan ba. Abin da ka saya da kuɗinka, ka cinye shi tas. Da a ce nan ka tsaya, da na aiko maka da rawani. Amma kai, Sarkin Maƙo, ka bar jaki kana dukan taiki. Duk dokokinka a kan madafi da ɗakin yara suka sauka. Babu ko ɗaya da ta ratso ta aljihun babbar rigarka, alhali nan ɓarakar take.

Mu fara da wuta, tunda nan ka fi zaƙewa. An ce ko yaro ya ɗan daɗe a banɗaki sai ka bi shi da tsawa: "Wa ya bar min ƙwai a kunne?" Matso in yi maka karatu, tunda daga birnin ilimi nake. Kyauta ne, kwantar da hankalinka. Farin ƙwan nan na zamani wat 9 yake ci. Dutsen gugar da ake goge maka shadda da shi kusan wat 1,000 ne. Ke nan gugar awa ɗaya na lashe wutar da ƙwan zai yi sama da awa ɗari yana ci. Kai kuwa kullum sai an sake bin rigar da ka sa jiya da guga, don kada 'yan kasuwar Kwari su ga alamar zama a bayanka. Ga hitar da ake dafa maka ruwan wanka har a watan Afrilu, lokacin da ruwan randa ma da ɗuminsa yake kwana. Duk abin da ke yin zafi shi ke shan wuta, ba abin da ke yin haske ba. A tara guga a yi ta sau ɗaya a mako, a bar hita sai da hunturu, ka ga yadda katin mita zai yi auki. Yaro kuma ka bar shi ya yi uzurinsa cikin haske.

Ranar da aka ɗauke wuta, yara na aikin makaranta da tocila, aka ce a tayar da inji, ka ce babu mai, ƙasa ta lalace. Amma daren da Madrid ke karawa da Barcelona, man da babu shi da magariba sai ga shi ya tsiro bayan isha'i, janareto ya tashi da ja ɗaya. Ga gidan kallo nan a bakin layinku, kuɗin shigarsa bai kai na rabin lita ba, ga abokan musu a bagas. A'a, kai Alhaji ne, ba ka zama a benci.

Sai batun ciki. Ka soke nama a miyar gida, wai likitoci sun ce jan nama ba shi da kyau ga wanda ya haura arba'in. Madalla da likita. To wane likitan ne ya rubuta maka balangun da kake tsayawa saya a hanyar dawowa? Kada ka rantse. Kaffara ta yi tsada yanzu, ciyar da miskinai goma ba wasa ba ne, kuma na san azumi ukun za ka nema ka fake da shi.

Na san yadda ake yi. Ka faka mota nesa da gida kaɗan, inda hasken fitilar maƙwabta bai kai ba. Ka kashe inji, ka warware takardar a kan cinya. Ka ci da sauri kana waige, ka tsince albasar, ka lakace yajin da ya taru a kusurwar takarda, ka kora da lemo mai sanyi. Ka goge hannu da tsumman goge gilashi, ka jefa kanumfari a baki, ka shiga gida da sallama a raunane kamar mai azumin nafila. A kawo maka tuwo da miyar kuka, ka ɗan taɓa ka ture kwano, ka ce, "Ni ba na cika ciki da dare, ku ma ku koya." Abin da ba ka sani ba, yajin na nan a gemunka, Hajiya kuma ba makauniya ba ce. Kawaici take yi maka. Kuɗin wannan ƙunshin na dare ɗaya, da ita ka miƙa wa, da ta sayo ƙashi da kayan ciki ta yi miyar da gida duka zai lashe hannu kwana biyu, har kai a ciki.

Da safe ma haka. A gida ka ce koko ya isa, shi iyayenmu suka sha suka yi ƙarfi. Kana isa kasuwa ka zarce teburin mai shayi: haɗin kauri, burodi mai yanka-yanka, Indomie da ƙwai biyu, "a soya da albasa sosai." Iyayen namu da suka sha koko, su ba su da ciki biyu, ɗaya na gida ɗaya na kasuwa.

Waya fa? Biyu gare ka, kowace da layi biyu. Hajiya ka yanke mata kuɗin kati, ka ce in tana nemanka ta yi filashin. Kai kuma kana kwance har ƙarfe ɗayan dare kana murza TikTok, kana ƙyalƙyala dariya kai kaɗai, data na tsiyaya. Kana cikin kowane guruf na WhatsApp da aka taɓa buɗewa a Kano, na 'yan kasuwa, na 'yan ajinku, na 'yan unguwa, na magoya bayan Pillars, kuma duk bidiyon da aka turo wayarka sauke shi take da kanta, ko ka kalla ko ba ka kalla ba. Shiga saitin ka kashe wannan. Ka duba layukan nan huɗu, za ka tarar da waƙar kira da saƙonnin hasashen ƙwallo da ka taɓa dannawa ka manta, ana ta yankar kuɗinsu a hankali. Mutumin da ke ƙirga ashana, ana yi masa yankan aljihu a cikin wayarsa yana barci. Kai, Kano!

Amma duk waɗannan ƙananan alhaki ne in aka zo maganar biki. A nan ne Sarkin Maƙo ke rikiɗa ya zama Sarkin Kyauta. Da can anko na mata ne. Yanzu ku ma kun shiga: ankon ɗaurin aure daban, na dina daban, hula ma sai iri ɗaya. Durowarka cike take da yadin da ka sa sau ɗaya ka jingine, don in ka sake sawa za a gane na bikin wane ne. Kuma ba ka iya cewa a'a, kada abokan Kwari su ce ka karye. Kowa ya daka rawar wani ai ya rasa turmin daka tasa. Farar shaddarka mai tsabta ta isa kowane ɗaurin aure. Ango ba zai tuna kalar rigarka ba, shi ma lissafin bashin da ya ci yake yi.

Sai liƙi. Ka tafi wurin masu canjin sababbin kuɗi, ka biya la'ada kafin a ba ka, wato ka sayi naira da naira, ka yi asara tun ba ka bar wurin ba. Ka shiga fili, maroƙi ya hango ka, ya kira sunan kakanka da bai taɓa gani ba, kanka ya fashe, ka dinga zaro su ɗaya-ɗaya kana mannawa a goshin mutane ana takewa. Kuɗin cefanen mako guda a ƙarƙashin takalman 'yan rawa. Ka kuwa san dokar Babban Banki ta 2007 ta hana wannan? Ɗaurin wata shida ne, ko tarar naira 50,000, ko duka biyun. Da za a kama ka a ce ka zaɓa, na san wata shidan za ka ɗauka: abinci kyauta, wuta kyauta, babu mai tambayarka kuɗin cefane.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne awo. Dawanau na nan a hancinka kan hanyar Katsina, kasuwar hatsin da fatake ke tasowa tun daga Nijar da Chadi da Kamaru su yi sari. Singa na nan, 'Yankaba na nan. Amma gidanka kullum awon gwangwani ake yi a shagon bakin layi, mai a ƙulli, sukari a ƙulli, gishiri ma a ƙulli. Wanda ba shi da hali, dole ce ta sa shi, ba a yi masa dariya, kuma shi ya fi kowa biya da tsada, don duk hannun da kaya ya bi kafin ya zama ƙulli sai ya cire ribarsa, har kuɗin leda. Amma kai da kake da shi fa? Ciwonka na san shi. Ba ka iya kallon kuɗi masu kauri suna fita lokaci guda. Gara su fita da kaɗan-kaɗan ko da a ƙarshen wata sun ninka, in dai idonka bai gan su a tare ba.

To ji nan. Da kaka, wajen Nuwamba da Disamba, hatsi ke saukowa. Tsakiyar damina, Yuli da Agusta, rumbuna sun yi ƙasa, shi ke hawa. Ka sayi masara da gero da wake na ci tun da kaka. In buhu ya yi maka nauyi, ku haɗu ku uku ku raba, ko a sa kwasar adashi ta faɗo daidai lokacin. Na ci na ce, ka ji ni da kyau, don na san kunnen Bakano: ana cewa saya ka ajiye, sai ya ji ɓoye ka tsauwala. Waɗanda suka ƙunshe hatsi a kakar 2024 suna jiran ya yi tashin gwauron zabo, ai sun ga yadda farashi ya rikito a 2025. Wake kuma kada ka kuskura ka yayyafa masa fiya-fiya, ka kai gida duka asibiti. Akwai buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Ka ɗaure kowace tam, iska ta yanke, ƙwarin su mutu da kansu ba tare da magani ba. Ka kula da shi kada ya huje, ya yi maka kaka fiye da ɗaya.

Tumatir haka. Da rani, lokacin da na Kadawa ya cika Kwanar Gafan har ana rasa mai ɗauka, a sayi kwando a yanka a shanya a yi kauɗa. A busar da tattasai da attaruhu da kuɓewa. Damina na shigowa, tumatir ya zama ɗan sarki, Hajiya ta jiƙa nata ta markaɗa tana murmushi. Filin bayan ɗakinka da ka tara tsofaffin tayoyi da gawar babur, a dasa zogale, a cika tsofaffin buhuna da ƙasa da taki a shuka alayyafo da yakuwa. In iri kake nema, zo Samaru ka durƙusa. Tun 1922 ake binciken noma a wurin, kuma da yawa daga irin masara da waken da manomanku ke shukawa daga can suka fito. Kuna ci kuna zaginmu. Mun yafe, yaro ba ya sanin mai ciyar da shi.

Akwai kuma inda nake roƙonka ka saki hannu. Araha ba ta ado, Ɗan Dabo. Cajar da kake saya a bakin danja ta kashe maka batir ɗin da ya fi ta kuɗi nesa ba kusa ba. Yaro na zazzaɓi ka ce a sayo ƙwaya wurin mai talla, wadda ta wuni a rana a kan faranti, a jira a gani. A jira har sai an kai ga gado da ƙarin ruwa, ka biya ninkin-ba-ninkin na gwajin da ka guje wa. Gidan sauro da ya yage a ɗinke shi ko a sake wani, ya fi allura sauƙi. Cikin yara, maganinsu da karatunsu, waɗannan ba wurin gwada maƙo ba ne. Ka je ka gwada a kan balangu.

Kuma ka daina yi wa Hajiya laccar tattali. Ita ce ta riƙe gidan nan da kuɗin cefanen da ba ka ƙara ko sisi a kai ba tun kafin a cire tallafi. Ita ke mai da tuwon jiya ɗumamen safe, ita ke ƙulla zoɓo da ƙanƙara ta cike giɓin da kake bari, ita ke zubin adashin da aka yi wa yara ɗinkin sallah da shi, ka fito kana karɓar yabo a masallacin idi. Ministar kuɗi na cikin gidanka kana ta yi mata bita. Ga shawara: wata ɗaya tak, ka sa ɗan littafi a aljihu, duk abin da ka kashe a kan kanka ka rubuta. Shayi, tsire, data, man kallon ƙwallo, wankin mota, turare, goro, liƙi. Ƙarshen wata ka ajiye shi kusa da na cefane, ku zauna ku biyu, ka bar ta ta riƙe jan biro. In ka fito daga zaman nan da hularka a kai, na yarda Kano ta fi Zariya.

Na san za ka ce na cika baki, Bazazzagi sai surutu da dogon Turanci, aljihu wayam. Faɗi, ba yau ka fara ba. Zuwana gidanka na ƙarshe ruwan leda ɗaya ka ba ni, ka tsaya kana kallon maƙogwarona har na shanye, sannan ka karɓi ledar, wai ana tarawa. Amma kuma ban manta daren da aka kwantar min da yaro a asibiti ba. Ban kira ka ba, ji kawai ka yi, ka kamo hanyar Zariya cikin duhu, ka same ni a baranda, ka tura min ƙunshi a aljihu ba ka ƙirga ba, ka ce in rufa maka asiri kada in faɗa wa kowa, sunanka zai ɓaci a Kano. To ga shi na ɓata shi. Hannun naka na buɗuwa sarai, saiti ne kawai ba shi da shi.

Saura magana ɗaya. Wata goma sha ɗaya kana bugun ƙirji kana cewa kai ne ubangida, ni ne bawa. Amma da Muharram ya kama, Cika-ciki ta matso, aka ce ubangida ke ba bawa kuɗin shara, sai ga ka a ƙofar gidana da tsintsiya a hammata kana "ranka ya daɗe." Mutumin da zai sayar da sarauta don kada ya ciro naira ɗari biyar, ai sai Kano. To bana ni ma na zauna na yi lissafin abubuwan da nake kashe wa kuɗi ba dole, na jera su, kuma kai ne na farko a jerin. Kada ka ɓata man mota.

Ina jiran martaninka, in ka isa. In tsadar tawada ce ta hana ka, yi min filashin, zan kira.

Ubangidanka har kullum,
Bazazzagi.